Inda Igiyar Ta Rabu

Mutumin da aka ceci ransa, yana da bakin ba da shaida a kan wanda ya cece shi? Na yi wa malamai wannan tambaya, na yi wa direbobi a tasha, kowa ya ba ni amsa nan take. Saurin amsar ne ya sa ban yarda da ko ɗaya ba. Babu wanda ya zauna cikin kwalekwalen wani masunci mai suna Bahago a cikinsu.

Ni makanikin manyan motoci ne. A shekarar da abin ya faru na bi wata tirela zuwa ƙasar waje, domin mai motar bai yarda da lafiyarta ba. Da gaskiyarsa kuwa. Mun yi nisa da gida giyabos ya watse mana a wani gari da ke bakin wani babban tafki. Muka aika birni a kawo kayan gyara, muka zauna jira, ni da direban, wanda kowa ke kira Tumbi. Wanda ya gan shi ba ya tambayar dalili.

Zaman jira ya ishe ni, na gangara bakin ruwa inda masunta ke sauke kifi. Na tarar da wani mutum tsugune a bayan kwalekwalensa, yana jan zaren inji yana yi masa faɗa kamar ɗan da ya haifa.

"Na ba ka fetur, na ba ka baƙin mai, na rufa ka da buhu kada sanyi ya kama ka. Me kuma kake so, in yi maka aure?"

Da yaren kasuwa yake magana, wanda duk mai bin wannan hanya yake ji. Na ce ya matsa in duba. Fulogi ne kawai ya yi baƙi. Na kankare shi, na mayar, ja ɗaya injin ya tashi.

"Munafuki," in ji shi ga injin. "Ka ga baƙo ka tashi."

Rediyo ake ce masa. Kafin in gama goge hannuna na san yana da mata, da 'ya ƙarama, da ƙane, da uwa wadda ya ce ta fi su duka ƙarfi. Ya rantse sai mun je mun ga garinsu, mun kwana, mun ci kifin da bai san rana ba. Na kira Tumbi. Shi kuwa ya leƙa jirgin, ya leƙa ruwan.

"Garin naku akwai ƙasa?"

"Akwai mana," in ji Rediyo. "Tana can ƙasa. In ka nutse za ka taɓa ta."

Garin yana tsakiyar tafkin, a kan dirkoki. Daga nesa sai ka ce taron zalɓe ne suka tsaya cikin ruwa. Gidajen na katako ne da kwano, siraran gadoji sun haɗa wannan da wancan, hayaƙin bandar kifi ya lulluɓe komai. In ka dubi tsakanin katakon da kake takawa, ruwa ne kore yana motsi da ɓawon kifi da tokar murhu. Har kaji a cikin kwando suke rayuwa. Tumbi ya tsallake gadar farko da rarrafe, mata suna leƙowa ta taga suna dariya, yana ce musu su yi ta yi, shi dai yana da iyali.

Gidan su Rediyo ɗakuna ne suna kallon juna, da baranda a tsakiya. Uwarsu, wadda duk garin ke kira Tsohuwa, tana zaune a bakin ƙofarta tana ɗinkin taru. Ƙanensa Bahago yana gefe yana wasa wuƙa, siriri, mara magana, kamar yayansa ya cinye rabonsa na surutu tun suna yara. Wata 'yar yarinya da ba ta daɗe da fara tafiya ba tana kai da kawo, an ɗaura mata siririyar igiya a ƙugu, ɗaya bakin a jikin dirka, tsawonta bai kai bakin baranda ba. Haka ake yi wa kowane yaro har ya iya iyo.

Uwar yarinyar tana zaune ta miƙe ƙafafu, da wata katuwar igiya a cinyarta. Ba a garin aka haife ta ba, daga bakin gaɓa Rediyo ya auro ta, shi ya sa ake ce mata 'Yar Tudu.

A nan na ga yadda suke aikinsu. Jirage biyu ne ke jan taru ɗaya. Doguwar igiya mai kaurin hannun yaro tana tashi daga bayan wannan jirgi, ta bi bakin tarun, ta ƙare a bayan wancan. Ruwa yana cin igiya. Inda ta cinye sai a yanke a haɗa, kuma ba a ƙulla ta, domin ƙulli yana sarƙe raga. Warware silin bakin nan ake yi a saƙa shi cikin na wancan, har su koma abu ɗaya. Wannan haɗi shi suke kira gaɓa, kuma aikin mata ne. Kowace mace ita ke saƙa gaɓar mijinta. Hannun 'Yar Tudu ya yi suna har maƙwabta suna kawo mata nasu.

"Injiniya, zo ka ga aiki," in ji Rediyo. "Wannan gaɓar ko abokinka ka rataya mata ba za ta yi ƙara ba."

"A bar ni inda Allah ya ajiye ni," in ji Tumbi.

Tsohuwa ba ta ɗago ba. "Yabe ta dai. Ta girma tana ɗaure akuya, yau ita ke ɗaure mini 'ya'ya."

"Inna, akuyar ma ba ta taɓa kwancewa ba," in ji 'Yar Tudu, tana murmushi ƙasa-ƙasa.

"Matar Yaya, ki dai matse ta da kyau," in ji Bahago. "Ni ne a ɗaya bakin."

"Kai ai ko zaren ɗinki ya riƙe ka, ƙashi da rai. Ka yi aure ka samu mai saƙa maka, ka daina cin arzikin yayanka."

Har Tsohuwa sai da ta ɓoye dariya. 'Yar Tudu ta cusa sili na ƙarshe da wani ƙarfe mai tsini, ta murza gaɓar a ƙarƙashin tafin ƙafarta, ta miƙa wa mijinta.

Da asuba Rediyo ya ce mu zo mu ga yadda ake kama abin da muka ci. Ni ina so. Tumbi ya biyo ni ne don ya ce ba zai zauna shi kaɗai mata su mai da shi abin kallo ba. Jirgin Rediyo yana yoyo, ga kwanduna a ciki, don haka ya tura mu duka biyu jirgin ƙanensa. Da Tumbi ya zauna, Bahago ya leƙa gefen jirgin ya ga inda ruwa ya kai.

"Yaya, jirgin ya zauna da yawa."

"To ka rage ci," in ji Rediyo, ya tayar da injinsa.

Mun yi nisa har garin ya koma kamar ƙura a bakin sama. Suka saki taru, jiragen suka ware, igiya ta miƙe tsakaninsu. Rediyo yana can yana ƙwala mana labari wanda iska ke kawo mana rabinsa. Da hantsi ya ɗaga tarun ya yi nauyi, Bahago ya taɓa igiyar ya ce yau an dace.

Hadarin bai ba da sanarwa ba. Gabas ta yi baƙi, ruwan ya canza launi, iska ta doke mu a gefe. Kafin su fara naɗe taru ruwan sama ya sauko kamar da bakin ƙwarya, tafkin da yake kwance ya miƙe tsaye. Bahago ya jefo mini yankakken galan ya ce in kwashe. Tumbi ya rungume katakon da yake zaune a kai, ya runtse ido yana salati.

Ina kwasa na ɗaga kai, sai na ga wani tudun ruwa ya hau jirgin Rediyo ta gefe. Da ya wuce, cikin jirgin ne ke kallon ƙasa. Injin ya ja bayansa ya nutse, tarun da ke cike da kifi ya naɗe shi, gaba ɗaya suka fara tafiya ƙasa. Igiyar kuma tana ɗaure a bayan namu.

Na ji jirginmu ya tsaya cik, sannan bayansa ya fara sunkuyawa. Ruwa ya shigo ta kan katako, ya kai mini idon sawu, ya kai ƙwauri. Bahago ya kama igiyar da hannu biyu yana ja, jijiyoyin wuyansa kamar za su fashe. Can a jikin igiyar na hangi kan Rediyo. Ya kamo ta, yana tahowa hannu bayan hannu, ruwa ya rufe shi, ya sake ɓullowa. Bakinsa a buɗe yake, yana faɗin wani abu da babu wanda ya ji. Da sauran tafiya tsakaninsa da mu. Ruwa ya kai mana gwiwa, galan ɗin hannuna ya zama abin wasa.

Bahago ya dubi yayansa. Ya juyo ya dube mu, ni da Tumbi, waɗanda ba mu taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙugu ba. Sai na ga wuƙar a hannunsa na hagu. Igiyar ta miƙe ƙwarai har ba ta buƙaci yanka biyu ba.

Jirgin ya yi tsalle kamar dokin da aka cire wa kaya. Da na share idona babu Rediyo, babu jirginsa.

Mun yi ta zagaya wurin, Bahago yana kiran "Yaya! Yaya!" har muryarsa ta dushe, har hadarin ya wuce, rana ta fito tas kamar ba ta san komai ba. Da man ya kusa ƙarewa ya kashe injin. Ya kwance guntun igiyar da ya rage a bayan jirgi. Bai wuce tsawon hannu ba, bakinsa sumul kamar an sari rake. Ya ɗaga shi zai jefa a ruwa, hannun ya tsaya a sama. Sai ya ɗaga rigarsa ya naɗa shi a ƙugunsa. Ya ga na gani.

Tun daga nesa mutanen gari suka ga jirgi ɗaya ne ke dawowa. Gadoji suka cika. Tsohuwa tana tsaye a kan tsanin gidanta, 'Yar Tudu a bayanta da ludayi a hannu.

"Ina yayanka?"

"Ya kife, Inna. Na nema ban gan shi ba."

"Ba kuna ɗaure ba? Me ya hana ka jawo shi?"

Bahago ya dubi ƙafafunsa. "Igiya ta tsinke."

"A ina ta tsinke?"

Tsohuwa ta jira, sannan ta juya a hankali ta dubi surukarta. Duk wanda ke kan gadar ya bi ta da ido. Ludayin ya faɗi, ya bi ta tsakanin katako ya shige ruwa.

"Jiya na saƙa ta," in ji 'Yar Tudu, ba wanda ya tambaye ta.

Duk jirgin da ke garin ya fita nema, ranar da washegari da ranar da ta biyo baya. Babu mai lokacin mai da baƙi tudu, don haka muka zauna a gidan makokin, muna kwana a kan tabarmar mamacin. Har muka bar garin ba a ga gawarsa ba.

Mata suka riƙa zuwa gaisuwa. Da farko ban gane abin da ya sa kowace ke shigowa da naɗin igiya a kafaɗa ba. Sai ta durƙusa gaban Tsohuwa ta yi mata ta'aziyya, ta koma gefen baranda ta zauna, ta nemo gaɓar da 'Yar Tudu ta saƙa mata, ta fara warwarewa. Ba su yi zagi ba, ba su yi habaici ba.

"Ba don komai ba ne, 'yar'uwa," in ji wata. "Don hankali ya kwanta."

"Ku warware," in ji 'Yar Tudu. "Ga ƙarfen nan, ya fi sauri."

Gaɓoɓin sun ƙi warwaruwa ta daɗi. Na ga wata tana haɗawa da haƙori. Ko wannan bai sa kowa ya tsaya ya yi tunani ba.

Da rana ta take, yarinyar ta zo wucewa ta gaban kakarta. Tsohuwa ta kamo ta, ta kwance siririyar igiyar da ke ƙugunta, ta wurga ta cikin ruwa. Ta yage gefen wani tsohon zane ta murɗa, ta ɗaure ta da shi. 'Yar Tudu tana kallo. Ba ta yi kuka ba. Ta tura hannayenta ƙarƙashin cinyoyinta ta zauna a kansu.

Da yamma jirage suka dawo hannu wofi. Bahago ya hau tsani, jikinsa yana ɗiga. 'Yar Tudu ta tare shi a baranda, ina zaune kusa da su.

"Ƙanin miji, guntun da ya rage a jirginka yana ina?"

"Yana wurina."

"Ba ni in gani."

"A'a."

"Ba wani abu zan yi ba. So nake in ga inda na yi kuskuren. Ko sili na tsallake, ko ban matse ba. In na gani zan iya zama wuri ɗaya."

"Ba zan ba ki ba, matar Yaya. Ganinsa ba zai dawo da shi ba."

Ta daɗe tana kallonsa. "To, na gane," in ji ta. "Allah ya saka maka, kana tausaya mini."

Ya shige ɗakinsa kamar an watsa masa ruwan zafi.

Da na samu Tumbi shi kaɗai a bayan ɗakin banda, na gaya masa abin da na gani. Ya toshe kunnuwansa da yatsu, sannan ya cire.

"Ni idona a rufe yake, kuma kai ma naka a rufe yake. Ka ji ko? Makaniki, mu baƙi ne. Wuƙar nan ita ta sa 'ya'yana ba su zama marayu ba. Ka je ka tona wa mutumin asiri, ka ce masa na gode ke nan?"

"Matar fa?"

"Matar ba ita ta fid da ni daga ruwa ba." Ya share fuskarsa da hula. "Kuma in sun ji don mu aka yanke, ka san inda za su ajiye mu? Ka ga hanyar gudu a garin nan?"

Ban iya cewa ya yi ƙarya ba.

Washegari 'Yar Tudu ce ta kawo mana ruwan shayi, domin har a makoki ba a barin baƙo da yunwa. Ta ajiye, ba ta tashi ba.

"Baƙo, kuna cikin jirgin. Kun ga inda ta rabu?"

"Wallahi, baiwar Allah, tun da iska ta taso ban buɗe ido ba," in ji Tumbi, kuma gaskiya ya faɗa.

Ta dube ni. Idanunta sun faɗa, leɓɓanta sun bushe, na san ba ta sa komai a bakinta ba tun ranar.

"Akwai wanda ya fi ni kusa da igiyar," na ce. "Shi ya kamata ki tambaya."

"Na tambaye shi," in ji ta. Ta ɗauki farantinta ta tafi.

A ranar Tsohuwa ta yanke magana. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce jirgin da zai mai da baƙi tudu shi zai tafi da 'Yar Tudu, ta je ta yi zaman makokinta a gaban iyayenta. Yarinya kuwa jinin ɗanta ce, a nan za ta tashi. Na zaci uwar za ta yi ihu, ta kama 'yarta, ta kira mutane su shiga tsakani.

"Gara ta zauna, Inna," in ji ta. "Hannuna ba na riƙe yaro ba ne."

Wannan maganar ce ta tashe ni daga inda nake. Na sauka tsani na tarar da Bahago a ƙarƙashin gida, zaune cikin jirginsa tsakanin dirkoki, ya buɗe murfin inji yana kallonsa kawai. Wurin da duhu-duhu ko da rana, gansakuka ta rufe itatuwan, ana jin takun ƙafafun mutane a bisa kanmu. Na shiga na ɗauki sifana na fara kwance fulogi, don hannuna ya samu abin yi.

"Ka ji abin da Tsohuwa ta ce?"

"Na ji."

"Na ga abin da ya faru, Bahago."

"Ka gani mana. Kana da rai, dole ka gani."

Na ci gaba da kwance fulogin. Ya tsoma hannunsa a ruwa ya fitar.

"Da ni kaɗai ne a jirgin, da ban yanke ba. Da na jawo shi, ko mu tafi tare."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Ni ma ban sani ba. Tun ranar nake gaya wa kaina don ku ne. Amma hannuna ya kai ga wuƙar nan da wuri, Injiniya. Da wuri ƙwarai. Wataƙila ko babu ku haka zan yi."

Wani ya zubar da ruwan wanke-wanke daga sama, ya sauka kusa da mu.

"In na faɗa," in ji shi, "wa zai sake riƙe ɗaya bakin taruna? Ka taɓa ganin wanda zai ɗaura jirginsa da na mai yanka igiya? A garin nan wanda ba shi da abokin ja ya mutu, tafiya kawai yake yi. Inna kuma ta rasa ɗa ɗaya a ruwa, sai in hau in gaya mata ɗayan ne ya sake shi?"

"Ita fa matar yayanka?"

"Tana da iyaye a tudu. Yarinya ce, za ta yi wani auren. Za ta manta."

"Ka yarda da abin da kake faɗa?"

Ya fizge sifanar daga hannuna. "To kai ka hau ka faɗa mana. Ga tsani nan. Bakinka lafiyarsa lau, numfashinka lafiya lau. Ni na bar maka su."

Na dubi tsanin. Matakansa ba su da yawa. Na daɗe ina kallonsu, sannan na karɓi sifanar na gama gyaran injin.

Da safe wani mai sayen kifi ya kawo saƙo cewa kayan gyaranmu sun iso. Bahago ya jawo jirgi bakin tsani. Tumbi ya riga kowa shiga, ya zauna a tsakiya ya sunkuyar da kai. Na je na yi wa Tsohuwa sallama, ta ce Allah ya kai mu gida, ba ta dube ni ba. Maƙwabta sun fito kan gadoji, maza da mata. Na sauka na zauna. Maganar tana cike da bakina, ban san ko za ta fita ba. Bahago ya tayar da inji.

'Yar Tudu ta fito da ƙullin kayanta, ɗan ƙarami, kamar na mai zuwa kwana ɗaya. Ta durƙusa gaban Tsohuwa.

"Inna, ki yafe mini."

"Allah ya yafe mana duka. Tashi, jirgi yana jira."

Yarinyar ta ga ƙullin ta gane tafiya ce. Ta taho da gudu, zanen da ke ƙugunta ya miƙe ya dawo da ita zaune. Ta tashi ta sake tahowa, tana miƙo hannu tana kuka. Ƙullin da kakarta ta yi ya sassauta, ya zame daga ƙugu ya dawo cinya. Duk wanda ke wurin ya gani. Uwar ta ajiye kayanta, ta sunkuya, ta kai hannu za ta gyara. Yatsunta sun kusa taɓa zanen sai ta tsaya. Ta janye hannun, ta ɓoye shi cikin mayafi.

"Inna, ƙullin ya saki," in ji ta. "Ki zo ki ɗaure ta. Kada in taɓa."

Bahago ya kashe injin.

Jirgin ya yi ta rawa a ƙarƙashinmu lokacin da ya tsallake ƙafafuna, ya dafa kafaɗar Tumbi, ya kama tsani. Ya hau a hankali kamar tsoho. Da ya kai baranda ya tsaya a inda uwarsa ke ganinsa, mutanen kan gada suna ganinsa. Ya ɗaga rigarsa. Igiyar ta ci fatar ƙugunsa ta bar jan shaida. Ya warware ta, ya kamo hannun 'Yar Tudu daga cikin mayafin, ya buɗe tafin, ya ɗora mata guntun, yankakken bakin yana sama.

"Ga shi, matar Yaya," in ji shi. "Duba da kyau. In kin gama ki miƙa wa Inna."